Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tunatarwa Daga Gaɓar Koren Dutse

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafe ta da duwatsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa mazauna ƙasashen waje, a aya ta 27 da ta 28 cikin Suratu Faɗir, Allah Ya ja hankalinmu zuwa ga duwatsu da zane-zanen da ke jikinsu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, sannan nan take Ya sanar da mu cewa masu ilmi ne suke tsoronSa a cikin bayinSa. Wannan jeri yana nuna mana cewa duban dutse da idon basira yana daga cikin ƙofofin tsoron Allah. Saboda haka nake son tunatarwar yau ta tsaya a kan wani koren dutse mai daraja da ake kira jed, da yadda ake nemansa, da abin da nemansa yake koya wa mumini game da mutane.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, kudu da garin Monterey, a yankin Big Sur, akwai wani lungu a bakin tekun Fasifik mai suna Jade Cove. Na ziyarci wurin tare da wasu 'yan uwa. Daga babbar hanya ana ratsa fili, sannan a gangara wani tudu mai tsananin gangare, a wani gurbin ma sai an kama igiya. A ƙasa babu yashi, sai tsakuwa da manyan duwatsu da teku ya goge su har suka yi sumul. Masu nema suna zuwa lokacin da ruwa ya janye, kuma ba sa juya wa teku baya, domin taguwar wurin tana iya sure mutum ba sallama. Hukumar da ke kula da gaɓar ta yarda a tsinci dutsen da ya riga ya rabu da kansa a inda ruwa yake kaiwa, gwargwadon abin da mutum zai iya ɗauka, amma ta hana haƙa da fasa jikin tsauni. Musulmin da ya shiga ƙasa da alkawarin bin dokarta, wannan ƙa'ida amana ce a wuyansa ko da babu mai ganinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan kore a wurin. Ko'ina ka duba sai ka ga tsakuwa koriya shar tana sheƙi, har baƙo ya zaci arziki ne zube a ƙasa. Alhali mafi yawanta wani dutse ne daban mai suna safantin, wanda ya samo sunansa daga kamannin fatar maciji, kuma saboda yawansa a jihar aka ayyana shi dutsen Kalifoniya a 1965. Muddin da laimar ruwa a jikinsu, shi da jed kusan ɗaya suke a ido. Kyan ɗan maciji ke nan.

To yaya masana suke rarrabewa? Da farko suna barin dutsen ya bushe. Safantin yakan dushe ya yi toka-toka, jed kuwa yana riƙe da santsinsa kamar an shafa masa mai. Na biyu suna karta shi da bakin wuƙa: ƙarfe yana yi wa safantin zane, amma ba ya cin jed na gaske. Na uku suna jinjina shi a tafin hannu, domin jed ya fi nauyi idan girmansu ɗaya. Sirrin ƙarfinsa yana ciki. Irin da ake samu a wannan gaɓa, wato nefrait, ƙananan zaruruwa ne da suka sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, shi ya sa yake da wuyar fashewa.

Ya 'yan uwa, Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya kamanta mutane da ma'adinai, kamar na zinariya da azurfa. Ya kuma ruwaito cewa Allah ba Ya duban surorinmu da dukiyoyinmu, zukatanmu da ayyukanmu Yake duba. Mu da muke zaune nesa da gida, mun rasa wani abu da iyayenmu suka dogara da shi. A gida an san mutum, an san ubansa, an san malamin da ya karantar da shi, an san yadda ya yi da bashin da ya ci shekaru goma da suka wuce. A nan kuwa kowa jiƙaƙƙe ne yake sheƙi. Farar jallabiya, da ɗan Larabci a baki, da hoto a gaban Ka'aba, sun isa su sa mu miƙa wuya.

Haka ake tura wa mutum kuɗin gumin shekaru don ya gina gida, a je a tarar da fili. Haka ake aurar da yarinya ga wanda ba a sani ba sai ta wayar salula. Haka matasanmu suke ɗaukar fatawa daga mai wa'azin intanet da ba a san a gaban wa ya durƙusa ya yi karatu ba. An ruwaito cewa wani ya zo ya yaba wani a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko sun taɓa cuɗanya ta kuɗi. Da ya ce a'a, sai Umar ya sanar da shi cewa bai san mutumin ba. Waɗannan su ne gwaje-gwajenmu: a bar lokaci ya busar da laimar farkon haɗuwa, a ga yadda mutum yake idan wuƙar fushi ko ta rashi ta karce shi, a jinjina maganarsa a ga ko alkawari yana da nauyi a wurinsa. Yin haka bai saɓa wa kyakkyawan zato ba. Musulunci ya hana mu zargi da bin diddigin aibin mutane, kuma shi ne ya umarce mu, a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, da mu rubuta bashi mu kafa shaidu.

Sai dai wuƙar gwaji ba don maƙwabci kaɗai aka wasa ta ba. Farkon Suratul Ankabut ya sanar da mu cewa ba za a bar mutane su ce sun yi imani ba tare da an jarraba su ba. Zama a ƙasar da ba a jin kiran salla, ba mai tambayarka ko ka yi Asuba, ba mai sanin daga ina kuɗinka suka fito, shi ne bushewar laima. Wanda addininsa ya kasance don idon unguwa ne, a nan yake dushewa. Wanda nasa ya sarƙu a ciki da ikhlasi da ilmi da zama da mutanen kirki, shi ne yake riƙe sheƙinsa.

Akwai kuma wani jan kunne. A shagunan ƙasashen nan ana sayar da jed a matsayin mai jawo sa'a ko waraka. Camfi ne tsoho: sunan jed ya fito daga harshen Sifaniyanci da ma'anar dutsen kwiɓi, nefrait kuma daga kalmar Girkanci mai nufin ƙoda, don an ɗauka yana maganin ciwonta. Ado da dutse halal ne, amma rataya shi da ƙudurin yana tunkuɗe cuta ƙofar shirka ce. Ko Hajarul Aswad, da Umar (RA) ya sumbace shi, sai da ya bayyana cewa ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Annabi (SAW) kawai ya sa shi yin haka.

Ina yi wa kaina da ku wasiyya da mu yi bincike kafin mu ba da amana, mu kuma zama irin mutanen da idan aka gwada su ba za a yi da-na-sani ba. Ya Allah Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon binta, Ka nuna mana ƙarya Ka ba mu ikon guje mata. Ka sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau, Ka tsare mana imanin 'ya'yanmu a ƙasashen da muke zaune, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.