Shin Martaba Tana Halatta Jini? Al'amarin Musulmin Filifin

Ƙasar Filifin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, kuma galibin mutanenta Kiristoci ne 'yan Katolika, saboda mulkin Sifen da ya daɗe a kansu tun daga 1565 har zuwa 1898. Amma a kudu, watau Mindanao da Sulu, Musulunci ya riga Turawa sauka, domin masallacin tsibirin Simunul ana danganta kafuwarsa da shekarar 1380.

Baƙon da ya zauna da mutanen wannan ƙasa yakan lura da abin da ya raba su da Turawa. Bature yana ɗaukar kansa mutum guda, laifinsa nasa, ribarsa tasa. Mutumin Filifin kuwa ɗaure yake da danginsa, da kunya, da bashin alherin da ba ya biyuwa da kuɗi. A wurin Maranao, Musulmin da ke zaune a gewayen tafkin Lanao, wannan ɗabi'a ta kai matuƙa, har suna kiranta maratabat. Kalmar daga Larabci ta fito, ita ce dai martabar nan da Bahaushe yake jingina wa sarki. Sai dai a wurinsu martaba dukiyar zuriya ce baki ɗaya: wanda ya ci mutuncin mutum guda ya taɓa kakanninsa da jikokinsa.

Alherinta ba ya ɓoyuwa. Ita ke sa dangi su haɗa wa saurayi sadaki, su ɗauki nauyin maraya. A 2017, lokacin da aka shafe wata biyar ana yaƙi a birnin Marawi, yawancin waɗanda suka gudu a gidajen 'yan'uwa suka sauka, kaɗan ne suka zauna sansani. To, amma ita ce kuma uwar gabar da suke kira rido, inda rikicin gona, ko na zaɓe, ko wata magana da aka yi wa mace, yakan zama kisa, kisan kuma ya haifi ramuwa a kan duk namijin da aka samu daga wancan gida. Wani bincike da aka buga a 2007 ya ƙidaya irin wannan gaba 1,266 daga wajen 1930 zuwa 2005, da asarar rayuka fiye da 5,500.

Akwai masu cewa wannan al'adarsu ce, bare ba shi da bakin magana. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin aya ta 13 a Suratul Hujurati ta nuna cewa rarrabuwar mutane zuwa al'ummai da ƙabilu nufin Allah ne, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa al'ada abar dogaro ce wajen hukunci. Amma sun gindaya sharaɗi: kada ta ci karo da nassi. Larabawan Jahiliyya ma ai suna da tasu martabar, ita ce ta sa Bakar da Taglib suka yi shekara arba'in suna yaƙi a kan raƙuma guda. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke jinin Jahiliyya duka, kuma da jinin gidansu ya fara, na ɗan Rabi'a bin Haris. Da martabar zuriya tana halatta ramuwa, da babu gidan da ya fi Banu Hashim cancanta.

Uzuri mafi nauyi shi ne na rashin alƙali. Dokar 1977 da ta kafa kotunan Shari'a a Filifin ta taƙaita su ga aure da saki da gado da makamantansu, ba ta ba su hukuncin jini ba, kotunan gwamnati kuwa shari'a takan yi shekaru a cikinsu. Wanda aka kashe wa ɗa, ya duba bai ga mai bi masa haƙƙi ba, dole zuciyarsa ta koma ga dangi. Wannan laifi yana wuyan hukuma, kuma babba ne. Duk da haka ƙisasi a kan wanda ya yi kisan kaɗai yake, ta hannun shugaba, kuma Suratul Isra'i ta hana waliyyin mamaci wuce iyaka. Ɗan'uwan mai kisa da aka tare a hanyar kasuwa bai kashe kowa ba. Mai harbinsa ya buɗe sabon zalunci ne, alhali na farko yana nan ba a biya ba.

Abin lura shi ne, sulhun da ake samu a Lanao ta ƙofar martabar nan yake shigowa. Sarakuna da dattawa da malamai sukan bi salsalar gidajen biyu har su gano kakan da ya haɗa su, a yanka diyya, a yi walimar da suke kira kanduri, sannan ɓangarorin su rantse da Alƙur'ani a gaban jama'a cewa gaba ta ƙare.