Ruwan Sha Ko Ruwan Kallo: Tsokaci Kan Shaƙatawa A Bakin Madatsun Ruwa

Gabatarwa

Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, amma ba su taɓa cewa ruwa abokin wasa ba. Tambayar da wannan maƙala za ta tinkara ita ce: shin ya halatta jin daɗin wasu ya zama sanadin gurɓacewar abin da rayuwar wasu ta rataya a kansa? Za mu ɗauki misalanmu daga Birnin Tarayya da kuma Kano.

Yadda Madatsa Ke Zama Wurin Shaƙatawa

An gina madatsar Jabi a 1981 domin shayar da sabon birnin Abuja. Da aka kammala babbar madatsar Usuma a kusa da Ushafa, sai Jabi ta koma tafkin kallo, har aka buɗe katafariyar kasuwar zamani a gaɓarta a 2015. A Kano ma, bayan madatsun da Gwamna Audu Baƙo ya assasa tsakanin 1967 da 1975, an yi otal a Bagauda da Tiga. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta yi ta'adi mai yawa, abin da ya tunatar da mu cewa ruwan da aka tare amana ne mai nauyi kafin ya zama abin sha'awa.

Ɓarnar shaƙatawa ba ta zuwa da ƙara irin ta ambaliya. Sannu take shiga. In an sare itatuwan gaɓa domin gini, ruwan sama zai kwashi ƙasa ya zuba a tafki, laka ta cike shi. Ƙazantar makewayi da takin zamanin da ake zuba wa ciyawar ado su kuma abinci ne ga gansakuka. In ta yi yawa ta ruɓe, sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Ga man jiragen ruwa masu inji, ga leda da robobi.

Haƙƙin Na Ƙasa

Kogin Usuma bai tsaya a Ushafa ba, yana gangarowa har Gwagwalada, yankin da Paikon Kore take da makiyayarta da gwamnati ta keɓe. Manomi da masunci da makiyayi na wannan yanki ba su san launin tikitin shiga wurin shaƙatawa ba, amma duk abin da aka zuba a sama, a gabansu zai wuce. Nan ne matsalar ta tashi daga ta kimiyya ta zama ta ɗabi'a: mai cin moriya daban, mai ɗaukar asara daban, kuma ba a nemi yardar na biyun ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da fifita haƙƙin shan mutum da dabba a kan sauran amfanin ruwa, kuma hankali ma ya yarda cewa larura tana gaba da ƙawa.

To amma kada mu yi wa shaƙatawa rashin adalci. Ɗan Adam ba injin niƙa ba ne, yana buƙatar hutu, kuma wuraren nan suna samar wa matasa aikin yi. Hasali ma, wanda ya saba zama a bakin tafki ya fi saurin lura in ruwan ya fara wari. Saboda haka laifin ba na hutu ba ne, na hutun da wani ke biya ba da saninsa ba ne.

Kammalawa

A ganinmu, madatsar da jama'a ke sha daga gare ta, irin ta Usuma, ya kamata a bar mata faffadan zagaye na itatuwa da ba a gini a cikinsa. Inda aka yarda a yi wurin hutu kuwa, wajibi ne mai shi ya tace ƙazantarsa kafin ta isa ruwa, ya bar wa masunta da dabbobi mashiga, a kuma saurari mutanen ƙasan kogi kafin a aza tubali. Wanda ya ci riba shi ya cancanci ɗaukar kuɗin gyara, ba makiyayin Paikon Kore ba.