Yaronmu a Makarantar Katolika: Amanar Tana Hannun Wa?



'Yan uwa, mako uku ke nan wata magana tana yawo a tsakaninmu, daga ƙofar masallaci bayan Magariba har rumfunanmu na Wunti da Muda Lawal. Ɗaya daga cikinmu, mutumin da ba a rasa shi a sahun farko, ya kai ɗansa aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar Katolika da ke bayan gari. Ba za mu kama suna ba. Wasu sun ce ya sayar da yaro don sakamakon WAEC. Wasu sun yi gum, domin su ma sun je sun tambayi kuɗin fom a ɓoye. Mun ga gara a kawo zancen fili, tunda yi da mutum a bayan idonsa bai taɓa gyara ɗan kowa ba.

Batun koyon ilimi a hannun wanda ba Musulmi ba, wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa, mushirikai ne fa, an ce kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu ya fanshi kansa. Zaidu ɗan Sabit kuma Manzon Allah (SAW) ne da kansa ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa. Mu ma kullum muna miƙa jikinmu ga likita Kirista, muna karɓar kaya bashi daga abokan cinikinmu na Anaca, ba wanda ya ce imaninmu ya girgiza.

Sai dai a lura da wani abu. Yaran Madina suna gama darasi suna komawa gaban iyayensu, a garin da ake kiran salla sau biyar. Makaranta kuwa ba darasi kaɗai ba ce. Shekara shida ce, daga yaro yana ɗan sha ɗaya ko sha biyu har ya fara tsirar gemu. A nan yake zaɓen abokai, a nan yake koyon abin da ake jin kunyarsa da abin da ake alfahari da shi. Lissafi ba shi da addini, amma taron safe yana da shi, bangon aji yana da shi, ranakun hutu ma suna da shi. Kuma mu baƙi ne a Bauchi. Can gida, a Kano ko Katsina ko Maraɗi, in uba ya yi sakaci akwai kaka, akwai kawu, akwai malamin zaure da ya san yaro tun ranar suna. A nan Gwallaga wa muke da shi? Uba ya fita kasuwa da hantsi, sai bayan Isha'i. Masu tsoro ba su yi ƙarya ba.

To amma mu yi adalci, ko da zai yi ɗaci. Mutanen nan ba su ɓoye ko su wane ne ba. Sunan makarantar yana jikin ƙofa, gicciye yana sama. Tun 1948 da sistocin St. Louis suka sauka Kano suka fara koyarwa, har zuwa irin su Immaculate Conception da ke nan Bauchi, da kuɗinsu da guminsu suka gina, don addininsu da 'ya'yansu. Mu ne muke zuwa muna ƙwanƙwasa ƙofa. Shin ya dace mu ce muna son malamansu da ɗakin gwajin kimiyyarsu, amma su kau da addininsu daga gabanmu? In Kirista ya kawo ɗansa makarantarmu ya ce a daina karatun Alƙur'ani da safe saboda shi, me za mu ce masa? Kun san amsar. A azumin 2025, da aka rufe makarantu a jihohin Bauchi, Kano, Katsina da Kebbi, shugabannin Kirista sun koka cewa an tsayar da karatun 'ya'yansu saboda ibadar da ba tasu ba. Da yawanmu mun ji haushin maganar. Amma irin kukan da muke yi ne in abin ya juyo kanmu.

Doka ta yi magana a kan wannan. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sashen nan dai ya bai wa kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Ke nan uba yana da abin da zai tsaya a kai, amma sai in ya buɗe baki. A nan ne muke ganin laifin yawancinmu. Mutumin da ba zai sayi buhun shinkafa ba sai ya soka ya ga ƙwaya, shi ne zai biya kuɗin zango bai tambayi komai ba. Ina yaro zai yi Azahar? Ranar Juma'a ƙarfe nawa ake tashi? In mace ce, yaya zancen hijabi? Dole ne ya shiga coci, ko zai iya zama a aji? Waɗannan kafin a biya ake tambayarsu, gaba da gaba da shugaban makaranta, cikin mutunci. In amsar ba ta yi ba, sai a yi godiya a juyo, ba zagi ba gaba.

Mun zauna da ɗan uwan namu. Jeka-ka-dawo yaron yake yi, ba kwana ba, kuma a ganinmu wannan bambanci ne babba. Ta kwana ba mu ba kowa shawararta ba. Ya ce ya yi waɗancan tambayoyi an kuma ba shi amsar da ta gamsar da shi. Ba mu ga dalilin da za a ce ya yi saɓo ba, balle a riƙa sakin hannunsa da wuri in an gaisa. Abin da muka gaya masa shi ne ya ci bashi, kuma kullum da yamma ake biyansa: Islamiyya ba fashi, ya san abokan yaron da sunayensu, ya riƙa zama yana jin abin da aka faɗa a makaranta ba tare da tsawa ba. Ranar da kasuwa ta hana shi wannan, ranar hukuncin ya canja. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, “Malam Sakatare, ku nuna mini tamu da ta kai ta, gobe in cire shi.”

Ba mu da amsa nan take. Akwai makarantun Musulmi masu ƙoƙari a garin nan, Allah ya saka wa masu su, amma mu jama'ar wannan masallaci me muka gina? A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. An canja suna a rana ɗaya. Abin da ba ya canjuwa da fenti shi ne malami ya zo a kan lokaci, a biya shi a kan lokaci, a duba littafin yaro, kuma ɗan mai kuɗi ya faɗi jarrabawa in bai yi karatu ba. Ba sirrin coci ba ne wannan. Mu da muke kashe abin da muke kashewa a kayan lefe da maimaita Umra, malaman Islamiyyarmu na yamma sukan kai tsakiyar wata suna jiran alawus. Littafin yana hannunmu, mun san abin da muke faɗa.

Kuma duk wannan gardama ta masu hali ce. Yawancin yaran da ke cika sahun baya ranar Juma'a ba wanda ya taɓa saya musu fom ɗin ko wace makarantar kuɗi, ta Katolika ko ta Musulmi. Wasunsu ma a rumfunanmu suke yini suna ɗaukar kaya, ba mu taɓa jin an yi zaman majalisa a kansu ba.

Kwamiti zai zauna ranar Lahadi bayan Isha'i kan alawus ɗin malamai da kuma darasin Turanci da lissafi na ranar Asabar da aka daɗe ana ɗagawa. Ɗan uwan namu ya ce zai zo. Muna sa ran ganin waɗanda suka fi ɗaga murya a kansa.

Wassalam.
Sakataren Masallaci