KO YA DACE MAI BI YA KEƁE KANSA A KAN DUTSE?

A cikin hutun Kirsimeti da ya wuce wata magana ta taso a ekklesiyarmu, wadda mu ke so mu sa ta gaban masu karatu, gama mun tabbata ba a wurinmu kaɗai za ta tsaya ba. Wani saurayi malamin makaranta, ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu, da aka gama biki sai ya naɗe tabarma da bargo, ya ɗauki goran ruwa, da garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da Littafinsa, ya shiga mota a Ɗambatta ya nufi duwatsun Kazaure. Kwana uku ya yi can shi kaɗai, da rana yana hawa yana sauka, da dare ya hura wuta a gindin dutse ya kwanta cikin sanyin hunturu. Kafin ya komo magana ta gama gari. Waɗansu suka ce taɓuwa ce, waɗansu suka ce gudun aiki ne, tun da ya ke lokacin kai taki gona ne. Mahaifinsa kuwa ya zo wurinmu da sassafe, bayan gaisuwa ya ce, "Fasto, abin da na ƙone da hannuna shekara talatin da suka wuce, shi yaron nan ya tafi nema?"

Kada mu yi wa dattijon nan dariya. Ƙasarmu ta arewacin Kano ba ta da daji. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, gona tana haɗe da gona, kowane gawo da kowace ɗorawa da mai su. Mutum ba ya tafiyar rabin mil bai ce da wani sannu da aiki ba. Saboda haka a wurinmu wanda ya nemi kaɗaici a kan ɗauka akwai abin da ya ke ɓoyewa. Ga shi kuma dutse ba abin wasa ba ne ga kakanninmu. Tarihin Kano ya nuna Barbushe a kan Dala ya ke zaune, ba ya sauka sai ranakun biki, shi kaɗai ne kuwa mai shiga wurin Tsumburbura. Iyayenmu da suka fito daga Maguzanci sun san yankan da a ke yi wa iskoki a gindin dutse da gindin tsamiya. Ruwa ba ya tsami banza. Tsoron dattijon nan tsoron mutum ne wanda ya san inda ya fito.

Amma da muka kira saurayin muka tambaye shi, ga abin da ya ce: "Baba Fasto, tun watan Satumba ban sami sa'a guda da na ji muryar kaina ba. A aji yara, a gida baƙi, a aljihu waya. Har ran nan na bugi wani yaro fiye da laifinsa, na dubi hannuna na ji tsoro. Na ga in na zauna gida, hutun jaki ne da kaya a ka."

To, wa ke da gaskiya? Bari mu duba Littafi Mai Tsarki.

Da fari dai, keɓewa ba zunubi ba ce. Ubangijinmu Yesu da ya ciyar da mutum dubu biyar ya sallami taro, ya hau dutse shi kaɗai domin addu'a (Matta 14:23). Kafin ya zaɓi sha biyun nan ya kwana a kan dutse (Luka 6:12). Da ya ga almajiransa ba su da zarafi ko na cin abinci, shi da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta (Markus 6:31). Dutse kuwa ba na iskoki ba ne, na wanda ya halicce shi ne. Mai bi ya iya hawa ya dubi gonaki da garuruwa shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ya ga ƙanƙantar kansa, ya yi murna da aikin Allah, ba laifi.

Na biyu, dutse ba shi da tsarki ko kaɗan. Wannan muna faɗinsa da ƙarfi, gama a zamanin nan akwai masu koyar da cewa addu'ar kan dutse ta fi ta ɗaki saurin kaiwa sama. Ubangiji ya riga ya warware wannan sa'ad da ya yi magana da matar Samariya a bakin rijiya (Yohanna 4). Wanda ya hau dutse domin yana tsammani akwai wani iko cikin dutsen, ko da Littafi a hannunsa, ya koma wurin Barbushe ke nan, tsoron dattijonmu kuwa ya tabbata a kansa.

Na uku, a nan ne nauyin maganar ya ke: cikin dukan labarun nan ba wanda aka bari a bisa. Iliya ya gudu har Horeb yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya saurare shi, sa'an nan ya komar da shi da aiki a hannu, har da naɗa Elisha (1 Sarakuna 19). Bitrus ya so ya kafa bukka uku a kan dutse, ashe a ƙasa akwai wani uba yana jira da ɗansa marar lafiya (Markus 9). Yesu ma cikin daren nan da ya keɓe, ya sauko ne zuwa wurin almajirai suna fama da iska a teku. Ekklesiyar farko ta yi wannan muhawara tun kafin mu. Antoniyas na Masar, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya yi shekaru masu yawa shi kaɗai cikin hamada, duk da haka a shekara ta 311 ya shiga Iskandariya domin ya ƙarfafa masu bi da a ke tsananta wa. Basil na Kaisariya kuwa, wanda ya rasu a 379, ya fi son zaman tare, hujjarsa ita ce mai zama shi kaɗai ba shi da wanda zai wanke wa ƙafa.

Ashe ba a auna hawan dutse da tsawon dutsen, sai da irin mutumin da ya sauko. Saboda haka wanda ya ke so ya keɓe, sai ya tambayi kansa abu uku. Daga wa na ke gudu, daga hayaniya ko daga wanda ya ke bina haƙƙi? Wa zai ɗauki kayan da na ajiye? Wa ya san inda na ke, da ranar komowata? Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, yanzu da ɓarayin daji suka hana mutane sakat a waɗansu sassan Katsina da Zamfara. Ko ba ɓarawo ma, in ƙafa ta zame a kan dutse, Mai-Wa'azi sura 4 ta riga ta gargaɗi wanda ya faɗi ba mai tashe shi.

A kan tambaya ta uku ne saurayinmu ya kāsa. Bai gaya wa kowa ba, ya kashe wayarsa, mahaifiyarsa ta yi kwana uku ba barci. Hutun da ya samu, da barcinta ya saye shi. Muka gaya masa haka a fili, ya durƙusa gabanta ya roƙi gafara. Mahaifinsa kuma muka nuna masa ɗansa bai yanka kome ba, bai roƙi kowa ba sai Allah. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To, in zai sāke, ya faɗa mini, ya kuma bari sai an gama kai taki." Da aka koma makaranta, wurin da malamin ya fara zuwa shi ne gidan yaron da ya buga.

'Yan'uwa, mu da ke zaune kusa da juna haka, mu koyi barin ɗan'uwa ya numfasa ba tare da mun laƙa masa suna ba. Ku kuma samari, in kun hau, ku tuna zumunci a ƙafa ya ke, ƙafar da ta kai ku bisa ita za ta komo da ku wurin waɗanda Allah ya ba ku. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.