Yarda da Adalci a Cinikin Gahawa

Idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce ya sallama, a al'adarmu ciniki ya faɗa, ba sauran magana. To amma shin duk cinikin da aka ƙulla da yardar juna yana kan adalci? Tarihin gahawa, wadda muka fi sani da kafe a teburin mai shayi, ya isa ya sa mutum shakka.

Har zuwa 1989 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe masu noman gahawa da masu shanta, wadda ta ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar don kada farashi ya karye. Da aka yi watsi da wannan ƙa'ida a watan Yuli na shekarar, sai kasuwa ta koma hannun manyan kamfanoni. A 2001 laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, ta faɗi ƙasa da rabin dalar Amurka. Manomin Sidama a ƙasar Habasha ya sayar, kuma ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya. Sai dai itacen gahawa kan yi shekara uku ko huɗu kafin ya fara ƴaƴa. Wanda ya dasa shi ba ya iya tumɓuke shi ya shuka hatsi don kawai farashi ya sauka a New York. Yardar da yunwa ta ƙwato daga bakin mutum, sunanta ne kaɗai yarda. Dattawan Maraɗi da Damagaram da suka ga zamanin gyaɗa sun san ɗacin kai amfanin gona gaban sikeli, a faɗa maka kuɗin da aka yanke a wata ƙasa.

Neman maganin wannan ne ya haifi abin da ake kira cinikin adalci. A 1988, a Holand, aka fito da tambarin Max Havelaar bisa haɗin gwiwa da wata ƙungiyar manoma ta jihar Oaxaca a Meziko. Manufar ita ce a kafa farashin da ba a sauka ƙasa da shi, kome lalacewar kasuwa. A 2023 Fairtrade ta ɗaga shi daga dala 1.40 zuwa 1.80 a laba ga wankakkiyar arabika, ban da ƙarin santi 20 na ayyukan jama'a. Wannan abin yabo ne, kuma wanda ya raina shi bai taɓa jiran kaka da bashi a wuya ba.

Amma a ganina adalcin ya tsaya a ƙofar mai gona. A 2014 masu bincike na SOAS, a jami'ar Landan, bayan shekaru suna aiki a Habasha da Uganda, suka nuna cewa ƴan ƙwadago a yankunan da ke da tambarin sukan sami lada ƙasa da na wasu yankuna. Fairtrade ta musa, ta ce an gwada ƙananan gonaki da manya. Ko da haka ne, tambayar ba ta kau ba. Ƙaramin manomin da ke kukan kamfani ya danne shi, shi ne kuma ke yanka wa matar da ke tsinkar ƴaƴan gahawa ladanta na yini, ita ma ta ce ta yarda, don ba ta da wani wurin zuwa. Ƙungiya ta masu gona ce. Su ke zama su shawarta inda santi 20 ɗin zai tafi, ko makaranta ko rijiya. Wadda ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa, sunanta ba ya cikin rajista, ba a kuma kiranta ranar taro.