Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Darasi Daga Kawunan Jirgin Iron Duke

Akwai tambayar da takan taso duk sa'ad da jama'a za su zaɓi abu guda cikin biyu: idan wanda ya fi inganci ya sha kaye a hannun wanda ya fi yawa, zalunci aka yi ko adalci? Zuciya takan yi saurin cewa zalunci ne, domin an raine mu a kan cewa gwani shi ya cancanci kambu. Sai dai tarihin wasu kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi, waɗanda aka ƙera a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19 aka kira su Iron Duke, yana nuna cewa amsar tana bukatar a tsaya a auna. Suna cikin jiragen da suka fi gudu a zamaninsu, amma duk da haka hanyar da suke bi ita aka tumɓuke.

Tushen maganar shi ne faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da jirgi yake bi. George Stephenson, wanda ya shimfiɗa layukan farko a Ingila, ya yi amfani da ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Ya gaji wannan awo ne daga hanyoyin kekunan kwal da dawakai suke ja a ma'adinan arewa maso gabashin ƙasar, tun kafin a yi tunanin jirgin fasinja mai sauri. Da aka ba Isambard Kingdom Brunel aikin shimfiɗa layin kamfanin Great Western daga Landan zuwa Bristol, wanda Majalisar Dokoki ta amince da shi a 1835, sai ya ƙi bin wannan gado, ya zaɓi ƙafa 7 da rubu'in inci. Hujjarsa ita ce, faffaɗan dogo yana sa jirgi ya zauna daram, a ɗora masa babbar tukunya da manyan wili, ya yi gudu ba tare da tangal-tangal ba. A 1837 ya ɗauko wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Daniel Gooch ya damƙa masa kula da kawunan jirgi. Gooch ya tsara jerin Fire Fly, guda 62, waɗanda aka ƙera tsakanin 1840 da 1842.

Ba a daɗe ba layukan biyu suka yi kiciɓis a garin Gloucester, a 1844. Taragon faffaɗan dogo ba ya hawa matsattse, na matsattse ba ya hawa faffaɗa. Saboda haka gwamnati ta kafa kwamitin mutum uku a 1845 don ya binciki lamarin, aka kuma yi gwajin gudu a ƙarshen shekarar. Wani kan jirgi daga jerin Fire Fly mai suna Ixion ya yi gudun kimanin mil 60 a awa guda tsakanin Landan da Didcot yana jan kaya masu nauyi, abin da abokan takararsa suka kasa yi. Amma da kwamitin ya ƙirga, sai ya tarar matsattsen dogo ya kai mil 1,901, faffaɗan kuwa mil 274 kacal. Ya ba da shawara a bi matsattsen, kuma a 1846 Majalisa ta yi doka cewa duk sabon layin fasinja ya kasance a kan awon Stephenson, sai fa wanda ta ba izini na musamman.

Jerin Iron Duke martani ne ga wannan hukunci. A watan Afrilun 1846, tun Majalisa ba ta gama muhawara ba, ma'aikatar Swindon ta fito da wani katafaren kan jirgi mai suna Great Western, wanda tsayin manyan wilinsa ya kai ƙafa 8. Da sandar ƙarfen da ke riƙe wilinsa na gaba ta karye, aka ƙara masa wasu wili biyu don a rarraba nauyi, kuma a kan wannan fasali aka ƙera Iron Duke a 1847, wanda ya ci laƙabin jarumin yaƙin nan Duke na Wellington. Kusan guda talatin aka ƙera zuwa 1855. A 1848 ɗaya daga cikinsu, Great Britain, ya ci mil 53 daga tashar Paddington zuwa Didcot cikin ƙasa da minti 50. Shekaru 20 kafin nan, iyakar saurin ɗan Adam a doron ƙasa ita ce gudun doki.

Mai cewa an yi wa wannan gwaninta zalunci yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Idan yawa kaɗai ke yanke hukunci, to duk abin da ya riga ya yaɗu zai zauna har abada, ko da kuwa tsautsayi ne ya kawo shi. Awon da aka yi don dokin ma'adini shi ya zama ƙangin da aka ɗaure jiragen ƙarni biyu a cikinsa. Mai sabon tunani kullum shi ne marar rinjaye a ranar da ya fara magana, don haka al'ummar da ta saba ƙirga kawuna maimakon auna hujja tana iya kashe duk wata fasaha tun tana cikin zanen goyo. Wannan tsoro gaskiya ne.

Amma a koma Gloucester a duba wanda yake biyan kuɗin gwanintar. Kowane fasinja sai ya sauka da kayansa ya sake jirgi. Kowane buhu, kowane akwati, kowace dabba, sai 'yan dako sun sauke sun ɗora a wani tarago. Kaya na fashewa, wasu na ɓata, wasu na kwana a tasha. Mintocin da jirgin Gooch ya rage wa matafiyi a kan hanya, ɗan kasuwa yana biyan su da sa'o'i a wurin sauke kaya. A nan ne ake gane cewa inganci iri biyu ne. Akwai ingancin abu a karan kansa, kamar kaifin wuƙa, wanda ba ya bukatar yardar kowa. Akwai kuma ingancin da ba ya tabbata sai da haɗuwa da na wasu. Mudun da ya fi na kowa kyau da ƙarko ba shi da amfani a kasuwar da ke awo da wani mudun daban, domin aikin mudu shi ne mai saye da mai sayarwa su fahimci juna. Layin dogo ma haka yake. An shimfiɗa shi ne don ya sada gari da gari, kuma gudu bawan wannan manufa ne. Brunel ya ɗauka cewa kowane kamfani zai tsaya a yankinsa, layuka ba za su cika haɗuwa ba. Lissafinsa na ƙarfe da tururi ya yi daidai, hasashensa game da mutane ne ya kuskure.

Saboda haka, a ganina, karin maganar nan da ke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi tana da iyakar da take aiki. Tana aiki a kan al'amuran da ginshiƙinsu yarjejeniya ce: awo, kuɗi, hannun da ake tuƙi a titi, ƙa'idar rubutu. A irin waɗannan, abin da aka haɗu a kansa ya fi abin da ya fi kyau amma ya raba kan mutane, kuma mai gwaninta da ya sauko ya bi jama'a bai ci amanar gwanintarsa ba. Ba ta aiki a kan gaskiya da haƙƙi. Yawan masu cewa Ixion bai yi gudu ba, ba zai rage masa mil ko ɗaya ba, haka nan yawan masu zalunci ba ya halatta zaluncinsu. Abin da ya sa hukuncin 1846 ya zama adalci shi ne kwamitin bai cakuɗa waɗannan biyun ba. Ya faɗa a fili cewa faffaɗan dogo ya fi gudu, ya yaba wa Brunel, sannan ya ce maslahar ƙasa tana wani wuri. Da ya ƙaryata fifikon don ya ƙawata hukuncinsa, da ya yi zalunci ko da hukuncin ya yi amfani.

Shi ma wanda aka kayar akwai nauyi a kansa. Faffaɗan dogo ya rayu shekara 46 bayan dokar. An riƙa ƙara ƙarfe na uku a tsakiyar layi don jiragen awo biyu su bi hanya guda, dabarar da ta isa Paddington a 1861. Brunel ya rasu a 1859. Gooch ya zama shugaban kamfanin a 1865, kuma a hannunsa aka mayar da layuka da dama zuwa matsattsen awo, ciki har da na kudancin Wales a 1872. Duk da haka an ci gaba da sabunta jerin Iron Duke a ƙarƙashin sunan Rover har 1888, alhali kowa ya san inda aka dosa. Kowace shekara ta jinkiri tana nufin ƙarin ɗawainiya ga mai kaya da matafiyi. Riƙe abu don ya fi kyau halin kirki ne, amma idan wasu ke ɗaukar wahalar riƙon, yana dab da zama girman kai.

Ranar 20 ga Mayun 1892 jiragen faffaɗan dogo suka bar Paddington karo na ƙarshe. A kwana biyun da suka biyo baya, ma'aikata fiye da 4,000 suka matse mil 171 na layin da ke yamma da Exeter. An jera kawunan jirgi da taragu a Swindon suna jiran a farfasa su ko a sake musu ƙafa. Wasu cikinsu shekara huɗu kacal suka yi suna aiki. Gooch bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1889.

Har zuwa nan babu laifin da za a ɗora wa kowa, domin an yi abin da maslaha ta bukata. Laifin ya zo ne daga baya. Cikin jerin Iron Duke akwai Lord of the Isles, wanda aka baje a babban bikin nunin kayayyaki na Landan a 1851, ya yi aiki har 1884, ya ci fiye da mil 780,000 da tukunyarsa ta asali. An adana shi, har an kai shi Chicago a Amurka a 1893 don duniya ta gani. A 1906 aka farfasa shi a Swindon saboda ana bukatar wurin da yake tsaye, tare da North Star, ɗaya daga cikin kawunan jirgin farko na kamfanin. Manyan wilinsa kawai suka tsira. Tumɓuke dogo a 1892 ya sauƙaƙa wa miliyoyin mutane tafiya, farfasa Lord of the Isles kuwa bai sada ko gari ɗaya da wani ba. Wannan shi ne a ci moriyar ganga a yar da kwauronta. A 1985, lokacin cikar kamfanin shekara 150, sai da aka ƙera kwaikwayon Iron Duke, domin na asalin ko ɗaya bai rage ba.

Mu ma tambayar ba ta yi mana nisa ba. Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 kuwa a kan awon Stephenson yake, kuma taragon wannan ba ya hawa wancan. Duk ranar da aka zo haɗa su, dole wani awo ya ba wani hanya. Haka abin yake a makaranta, a kasuwa, a majalisa, da duk inda mutane ke neman ma'auni guda. Adalci bai hana jama'a su zaɓi abin da ya haɗa su a kan abin da ya fi kyau ba. Abin da ya ɗora musu biyu ne: su faɗi gaskiyar fifikon wanda suka kayar, su kuma bar wa na baya shaidarsa, domin wata rana wani zai so ya auna ko zaɓin nasu ya yi daidai.