Gwanin da Ya Ƙi Barin Gida

A ƙauyukanmu na Bunkure da Kura, duk ƙungiyar ƙwallon unguwa tana da irin wannan mutum. Da safe yana ban ruwa a gonar tumatir ko shinkafa, da la'asar yana fili, kuma kowa ya san ya fi ƙarfin 'yan wasan da ke kewaye da shi. An yi masa tayin tafiya birni bai tafi ba. Shekaru suna shuɗewa, ana fitar da ƙungiyarsa tun zagayen farko na gasa, har ranar da gwiwa ta ƙi, ya ajiye takalmi ba kofi ko ɗaya a ɗakinsa. A ranar sai majalisa ta rabu biyu. Wasu su ce ya yi asarar baiwar da Allah ya ba shi, wasu su ce ɗan halak ne. Wa ke da gaskiya?

Magabata ma ba su raba mana gardamar ba. Su suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Su ne kuma suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu ɗauki misalin da duk Bakano ya sani. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, yana cikin 'yan Kano Pillars da suka ci gasar ƙasa sau 3 a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A 2014 ɗin ya ci wa Najeriya ƙwallaye a gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida a Afirka ta Kudu. Amma abin da ya fi zama a zukatanmu shi ne 2022, lokacin da Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Mai suna irin nasa ba ya rasa inda zai je, sai ya zauna, aka dawo da shi babbar gasa a 2023. Ranar da zai yi ban kwana da filin Sani Abacha, wannan zaman ne za a fi tunawa.

A ƙasar Ailan akwai wata irin ƙwallo ta gargajiya da ake buga wa da hannu da ƙafa, ba albashi, kuma a al'ada mutum gundumarsa yake bugawa. Wanda aka haifa a Kerry ko Dublin yana iya tara kofuna. Wanda aka haifa a Leitrim, gundumar da ba ta taɓa cin babban kofin ƙasar ba, komai gwanintarsa ya san da wuya ya ɗaga shi. Duk da haka suna bugawa har ƙarfi ya ƙare.

Mu da muke noma da ruwan madatsar Tiga bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Mun san wanda gonarsa ke bakin babbar magudana shi ke fara shan ruwa, wanda ke can ƙarshe kuwa sai abin da aka rage. Idan kwandunan na farko suka fi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, babu mai hankalin da zai ce ya fi na ƙarshe iya noma. Haka kofi yake. Yana auna kuɗin ƙungiya da yawan gwanayenta da sa'ar shekara, ba ya auna mutum ɗaya. Wanda ya zauna a ƙarshen magudana ya kuma fitar da amfani, shi ya nuna mana iyakar abin da hannu zai iya.

Sai dai kada mu mai da riƙon amana igiyar ɗaure mutane. Ahmed Musa ya bar Pillars a 2010 ya tafi Holan, kuma ba don ya tafi ba da ba mu ga ƙwallayensa biyu a ragar Ajantina a 2014 ba. Bai ci amanar kowa ba. Zama yana da daraja ne idan mutum ya ga ƙofa a buɗe ya zaɓi ya tsaya. Wanda talauci ko rashin hanya ya tsare, taimako yake bukata, ba kirari ba.

A nan ne tambayar ke juyowa kanmu. Yabon amana ba ya cin mana ko kwabo, shi kuwa mai zaman da ƙuruciyarsa da lafiyar ƙafarsa ya biya. Muna cika gidan kallo muna biyan kuɗi don Arsenal da Real Madrid, amma idan gwaninmu ya karye a filin makarantar firamare, sai mahaifiyarsa ta sayar da akuya a kai shi wurin mai ɗori. Idan zamansa ya zama asara, mu muka sa ya zama.

Don haka idan na garinku ya ajiye takalmi, kada a tsaya ƙirga masa kofuna. A haɗa masa wasan ban kwana, a tara masa abin da zai sayi taki da iri, a kuma damƙa masa yaran unguwa ya koya musu. Yawancinsu dama saboda kallonsa suka fara buga ƙwallon tsumma.